Dan Allah a ba ni shawara, wacce kwamfuta zan ɗauka don aikin sitidiyo da dizain?

Ɗan_Hayin_Banki:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar. Ina da ɗan shago a Hayin Banki, Kaduna, daga gaba ina dizain, katin biki, fosta, bana, sitika da kalanda, daga ciki kuma na keɓe ɗan ɗaki na manna soso ina haɗa kiɗa da ɗaukar murya, yawanci waƙoƙin biki ne da na yabo sai tallan rediyo jefi-jefi. Laftof ɗin da nake aiki da ita ta gaji, da zarar tirak, wato layin sauti, ya yi yawa a FL Studio, manhajar da nake haɗa kiɗa da ita, sai sauti ya fara ƙaraf-ƙaraf yana yankewa, mawaƙi na tsaye da hedfon a kunne yana jira ni kuma ina ta kashe filogin, wato ƙananan manhajojin gyaran sauti, ɗaya bayan ɗaya, wallahi abin ba daɗi gaban kwastoma.

Toh na ɗan tara kuɗi ina so in koma babbar kwamfuta ta kan tebur. An nuna min guda uku a wani shago cikin gari, duk Beljiyam ne kuma kuɗinsu bai yi nisa da juna ba. Ta farko HP Z440 mai Xeon E5-1650 v3, ram 32, girafik kad Quadro mai 4GB, amma had dis ce tsohuwar mai juyawa 1TB. Ta biyu HP EliteDesk 800 G4, Core i7-8700, ram 16, SSD 512, ba ta da girafik kad daban sai na jikin furosesa. Ta uku Mac mini M1, ram 8, SSD 256.

Mai shagon yana ta tura ni kan Z440 ɗin, wai ita ce ta manyan injiniyoyi kuma mai dizain ba ya rabuwa da girafik kad, ni ma ido na ya fi kwanta mata don ƙatuwa ce ga nauyi. Aikina FL Studio ne da ɗan Kontakt, manhajar da ke ɗauke da sautukan kayan kiɗa, sai CorelDraw da Photoshop. Bidiyo ba na yi sosai. Wacce za ku ce in ɗauka? Kuɗin nan ba za su sake taruwa da wuri ba shi ya sa ba na son in yi gaggawa.

Mai_Gyara_TudunWada:

Wa alaikumus salam ƙanina. Ka ɗauki ta biyun, EliteDesk ɗin, ka ƙara mata ram. Bari in gaya maka dalili don kar ka ce son rai ne.

Abin da ke yaudarar mutane a kasuwa shi ne suna, da an ce Xeon ko an ce Core i7 shikenan hankali ya kwanta, ba a tambayar na wace shekara ne. Wannan Xeon ɗin na 2014 ne, shi kuma i7-8700 na ƙarshen 2017 ne. Dukansu kor 6 ne, wato sassa shida masu yin lissafi a cikin furosesa, amma kowane kor na i7 ɗin ya fi saurin aiki, yana hawa har 4.6GHz in aiki ya yi zafi, Xeon ɗin bai kai 4 ba. Kuma wannan shi ne abin da ya shafe ka kai tsaye, domin yadda FL Studio ke aiki, in ka jera filogin a kan tirak ɗaya, ka sa otochun, ka sa kwamfuresa, ka sa ribab, sannan ka tura shi wani bas, wato inda ake tara tirak da yawa, sannan masta, inda duka sautin ke fita, to dole a bi su a jere ɗaya bayan ɗaya, na biyu ba zai fara ba sai na farko ya gama, ba za a iya raba wannan layin wa kor shida su yi tare ba. In kor ɗin da ke ɗauke da layin bai gama lissafi kafin lokacin da sautin zai fita ba, shi ne wannan ƙaraf-ƙaraf ɗin da kake ji. Ka ga kenan saurin kor ɗaya ya fi maka yawan ram muhimmanci.

Sai maganar had dis. Mai juyawar nan da ƙyar take karanta MB 150 a daƙiƙa, SSD ta SATA tana kai wa 500 da ɗoriya, SSD irin NVMe kuma tana haura 3000. Kai mai buɗe Kontakt, a nan za ka ga bambanci da idonka, fiyano ɗaya da kake jira ya loda har ka amsa waya ka dawo, a SSD kafin ka gyara zama ya shigo. In ka ɗauki Z440 dole sai ka sake sayen SSD, ka ga kuɗi ya ƙaru.

Akwai kuma abin da masu shago ba sa son faɗa. Microsoft sun daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga janareshan na 8 na Intel yake farawa. i7-8700 ya shiga, wannan Xeon ɗin bai shiga ba. Eh ana yi mata dabara ta hau, mu ma muna yi wa mutane, amma na'urar da kake cin abinci da ita gara wadda ta hau salin alin.

EliteDesk ɗin in irin mai matsakaicin akwati ce ramin ram huɗu gare ta, DDR4, ka nemi ƙarin 16 ta zama 32, ka tabbata an sa su bibbiyu masu girma ɗaya, ba ɗaya tilo ba. Amma ka duba da kyau, akwai 'yar mitsitsiyarta mai kamar littafi, ita wannan rami biyu ne kawai kuma sau da yawa furosesanta mai T ne a ƙarshen lamba, 8700T, an rage masa ƙarfi. Kar a ba ka wannan da sunan waccan.

Sitidiyo_Barnawa:

Oga Mai Gyara ka yi bayani Allah ya saka, amma ni ban yarda a watsar da Mac ɗin haka kawai ba. Ku masu gyara lambobi kuke kallo, mu da muke kwana a ɗakin ɗaukar murya akwai abu biyu da suka fi damunmu, ƙara da wuta.

Ɗan uwa ka ce ɗakinka ƙarami ne, ina kyautata zaton kwamfutar da makirfon ɗin ɗaki ɗaya suke. Makirfon kondensa ba ya barin komai, fankar kwamfuta in ta tashi sai ka ji ta a bayan murya shuuu, musamman watan Maris da Afrilu da garin nan ke ɗaukar zafi ga shi ka kashe fankar sama saboda rikodin. Mac mini M1 kuwa sai ka kara kunne ma da ƙyar ka ji tana numfashi. Wuta kuma Apple da kansu sun ce iyakar abin da take ja wat 39 ne, shi kuma wancan Xeon ɗin furosesan kaɗai wat 140 aka rubuta masa, ba a zo maganar girafik kad ba. Duk wanda ya zauna Kaduna lokacin da layin Shiroro ya lalace a Oktoban 2024 Arewa ta kwana da kwanaki cikin duhu ya san abin da nake faɗa, masu ƙananan na'urori a kan sola su ne suka ci gaba da karɓar aiki.

FL Studio yana tafiya lafiya lau a kan M1, lasisi ɗaya ne da na Windows in dai na halak ka saya, kuma Image-Line, kamfanin da ya yi FL, sabuntawa kyauta suke bayarwa har abada. Ga Logic Pro in kana so, shi ma manhajar haɗa kiɗa ne, kuma ba a samunsa a Windows. Saun kad kuma, wato ɗan akwatin da ke haɗa makirfon da kwamfuta, kana sokawa yake aiki ba ruwanka da neman direba a yawancinsu.

Inda zan tsaya in faɗi gaskiya shi ne ram 8 ɗin nan. Ya yi kaɗan, kuma ba a ƙarawa, a haɗe yake da cif ɗin, yadda ka saye ta haka za ta tsufa. SSD 256 ma Kontakt kaɗai zai cinye. In za ka samu mai ram 16 ka ɗauka ido rufe, ko ka ƙara haƙuri ka kai ga M4 da ta fito ƙarshen 2024, ita mafi ƙanƙantarta ma da 16 take zuwa. Amma wannan mai 8 ɗin, a'a, ban ba ka shawara ba.

Maman_Dizain:

Sallama gare ku. Duk kun karkata wajen kiɗa kun manta yaron nan ya ce dizain ne a gaban shago, kuma na tabbata shi ke kawo kuɗin yau da kullum, waƙa sai lokacin biki. Ni aikina kenan, a Unguwar Rimi nake.

Ƙanina maganar da mai shago ya gaya maka cewa mai dizain sai da girafik kad, rabinta ce gaskiya. Mai haɗa bidiyo da mai zanen gini na 3D su ke buƙatarsa sosai. CorelDraw da katin biki da fosta furosesa da ram suke ci. Photoshop yana amfani da girafik a wasu wurare amma na jikin i7 ɗin nan zai riƙe maka aikin yau da gobe, in ka ga ka fara bidiyo da gaske daga baya sai ka nemi ƙaramin kad ka soka. Kuɗin da za ka zuba a can ka kai shi wajen monita, don Allah. Nan ne ake asara ba a sani ba. Ka nemi mai IPS ko da inci 24 ne, irin su Dell UltraSharp ana samun Beljiyam ɗinsu, yadda za ka gane shi ne ka leƙa allon ta gefe ko ta ƙasa, in kala ta canza fuskar mutum ta yi duhu to ba shi ba ne. Amarya ta zaɓi kalar anko, ka yi mata kati a allon da ke ƙara haske, a buga ya fito wata kala daban, ita ba ruwanta da bayanin allo, kai za ta riƙe.

Sannan wani nauyin da ake ɗora wa kwamfuta ba laifinta ba ne. Yara da yawa bana mai ƙafa 10 da ƙafa 10 sai su buɗe shi a Photoshop a 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci, kamar katin biki. Yi lissafi, inci 120 sau 300 ya ba ka 36,000 kowane gefe, a CMYK, tsarin kalar bugu, wannan ya haura 5GB tun ba ka ɗora hoto ko ɗaya ba, wace kwamfuta ce ba za ta durƙusa ba? Bana daga nesa ake kallonsa, 100 dpi ya ishe shi, fayil ɗin bai kai MB 600 ba kuma in an rataye a bakin titi ba mai gane bambanci. In kakar siyasa ta zo, za ka sha irin wannan aikin.

Game da Mac, Malam na Barnawa ka yi haƙuri, akwai CorelDraw na Mac tun 2019 na sani, amma je ka wajen masu buga aiki a cikin gari ka ga abin da ke kan teburinsu, Windows ne da tsohon Corel, wasu har yanzu X7 suke. Kullum kana cikin sauke fayil zuwa tsohon bashan, ga font da ke canzawa tsakanin na'ura biyu. Mu masu rubuta Hausa ma abin ya fi shafa, font da yawa ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai ka ga an bugo maka akwati a tsakiyar sunan ango. Kowace kwamfuta ka saya, ka riƙa mayar da rubutu zane kafin ka kai bugu, ko ka fitar da PDF. Ni dai Windows na ce, ta biyun.

Yaro_Mai_Bit:

Ni tambayata me ya sa dole sai Beljiyam? In kuɗin za su kai a haɗa maka sabuwa mana. Ryzen 5 5600G da bod B450 ko B550, ram 32, NVMe 1TB, shi ma kor 6 ne wat 65, ya fi i7-8700 sauri kuma girafik ɗin jikinsa ya fi na Intel ɗin nesa ba kusa ba. Ko i5-12400 in ka fi son Intel. Amfanin haɗi shi ne komai na kasuwa ne, fawa fak ya ƙone ka saya ko'ina ka sa, su waɗannan na ofis ɗin fawa fak ɗinsu da filoginsa daban yake sai ka nemo irinsa sak. Kawai dai kar a sa maka fawa fak mai arha marar suna don a rage kuɗi.

Mai_Gyara_TudunWada:

Yaro Mai Bit maganarka haka take, in aljihu zai ɗauka haɗin ya fi, ban musa ba. Sai dai kayan sabbi da dala suke tafiya, yawanci daga Legas ake turo su ko a je Kano, ya tambayi farashin ranar ya gwada da abin da ke hannunsa. Abin da ba na so shi ne ya ƙarar da kuɗin kaf a kan akwatin ya rasa na kare ta.

Wanda ya kawo ni maganar wuta da Malam na Barnawa ya taɓo, kuma gaskiyarsa. Laftof tana da batir, an ɗauke wuta ba ka ma sani ba, ita ta tebur ɗif take mutuwa da aikin da ba ka ajiye ba, kuma yawancin bod ɗin da ake kawo min a ƙone ba aiki ne ya kashe su ba, dawowar wuta ce da ƙarfi ko canji daga janareto. Dole ka sa UPS a lissafinka tun yanzu, ba sai an jima ba. In inbata gare ka ka tabbata mai tsaftatacciyar wuta ce wadda ake ce wa fiyo sayin web, mai arhar nan tana sa sifika ta riƙa zzzz kuma tana wahalar da fawa fak. Lissafin batir ba wuya, mai 12V 200Ah wat-awa 2400 ne a rubuce, in na ruwa ne rabi ake so ka ci don ya yi ƙarko, saura 1200. In kwamfuta da monita da sifika suna jan wat 120 ka samu wajen awa tara zuwa goma, in suna jan 250 da ƙyar ka wuce huɗu. A nan ma EliteDesk ɗin ta fi Z440 sauƙin riƙo, ko da yake ba ta kamo ƙafar Mac ba, wannan na ba shi.

Sai ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu in hunturu ya sauko, buɗe kowace kwamfuta a garin nan ka ga abin da ke cikin fankarta, kamar an tankaɗe gari a kai. Ita ce ke toshe iska, furosesa ya yi zafi ya rage gudu da kansa, kai kuma ka ce kwamfuta ta tsufa. Kar ka ajiye ta a ƙasa, ɗora ta kan tebur, ka rufe da ƙyalle in ka tashi, lokaci-lokaci a hure ta da bulowa a riƙe fankar da yatsa kar ta yi ta juyawa. Tunda Beljiyam ce ma ranar da ka saya a canza mata man kan furosesa, na jikinta ya bushe tuntuni.

Ɗan_Hayin_Banki:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Anti Maman Dizain maganar bana ɗin nan ta shige ni sosai. Na cire Z440 daga lissafi. Zan tambayi kuɗin haɗin da Yaro Mai Bit ya faɗa, in ya fi ƙarfina EliteDesk ɗin zan ɗauka in cika ram 32, in nemi monita da UPS. Oga na Barnawa Mac ɗin tana raina wallahi saboda shirun nan, sai dai in Allah ya hore gaba in ware mata ɗakin kiɗa ita kaɗai.

Saura abu biyu. Yanzu ƙaramar miksa nake amfani da ita na jona ta da ramin makirfon na laftof, shin in na canza kwamfuta jinkirin da mawaƙi ke ji a hedfon zai tafi ko sai na sayi saun kad? Sannan me zan duba a shagon kafin in biya?

Sitidiyo_Barnawa:

Sai ka sayi saun kad ɗan uwa, wannan ba makawa, da ma tun farko ka faɗa da shi za mu fara. Ramin makirfon na jikin kwamfuta ba don waƙa aka yi shi ba, ko wacce ka saya haka za ka ji shi da hayaniya da jinkiri. Focusrite Scarlett Solo ko 2i2, in kuɗi ya yi ƙasa Behringer UMC202HD ma tana aiki. Ka sauke direbanta na ASIO daga shafin kamfanin, ka zaɓe shi a cikin FL, ka bar ASIO4ALL, wato direban gama-gari. Lokacin ɗaukar murya ka sa bafa, wato yawan sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta fitar, a 128, a 44.1kHz wannan wajen kashi 3 cikin dubu na daƙiƙa ne, kunne ba ya kamawa, in ka zo miksin ka ɗaga shi 512 ko 1024 furosesa ya samu sarari tunda ba mai waƙa a lokacin. Akwai kuma maɓallin da ke tura muryar kai tsaye daga saun kad zuwa hedfon ba ta bi ta kwamfuta ba, danna shi kawai in mawaƙin bai dage sai ya ji otochun a kunnensa ba. Kuma ka ja kwamfutar nesa da makirfon, in da hali ka fitar da akwatin bayan ƙofa ka ja wayoyi.

Ajiya ma ka yi tunaninta, murya ɗaya a 24-bit 48kHz tana cin kusan MB 9 duk minti, tirak 40 na waƙar minti biyar ya kusa 2GB, SSD 512 ba za ta daɗe ba. Nemi had dis ta waje ka riƙa kwashe ayyukan da ka gama, a nan mai juyawar take da amfani.

Mai_Gyara_TudunWada:

Ka je da filashinka da CPU-Z da CrystalDiskInfo da LatencyMon a ciki, duk kyauta ne. Na farko zai nuna maka ainihin furosesa da ram, kar ka yarda da sitikar jikin akwati. Na biyu zai nuna lafiyar SSD da awannin da ta yi tana aiki, in ya nuna ruwan ɗorawa ko ja a canza maka. Na uku ka bar shi ya yi minti goma yana tafiya, shi zai gaya maka ko na'urar za ta riƙe sauti ba yankewa. Ka shiga BIOS, saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, ka tabbata ba a kulle da fasuwod ba, na ofisoshin Turai da yawa haka suke zuwa. Ka soka filashi a kowane ramin USB ɗaya bayan ɗaya, na gaba da na baya. Ka duba bayanta, irin wannan yawanci DisplayPort take da shi ba HDMI ba, ka sayi wayar da ta dace da monitanka tun a can. In da hali tafi da aikinka mafi nauyi na FL a buɗe a gabanka ka ji da kunnenka, sannan a rubuta maka garanti a rasit ko na sati biyu ne, da lambar jikin na'urar.